Me ke hana kotisol yin aikin aldostiron a ƙoda?

Tambayar da aka aiko ita ce: littattafan ilimin aikin jiki suna koyar da cewa aldostiron ne homon ɗin, wato sinadarin saƙo na jiki, da ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da potasiyam, amma kuma su ne suke cewa makarɓin da aldostiron ke kamawa a cikin ƙwayoyin ƙoda, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa, yana kama wani homon daban mai suna kotisol da ƙarfi iri ɗaya, alhali kotisol ya fi aldostiron yawa a jini nesa ba kusa ba. To, ta yaya aldostiron ke samun damar yin aikinsa, kuma me ya sa kowa da kowa bai kamu da hawan jini ba?

Amsar tana ga wani inzayim, wato furotin da ke sauya wani sinadari zuwa wani, da ake kira 11β-HSD2, wanda ke zaune a cikin ƙwayoyin ƙoda da makarɓin yake. Aikinsa shi ne ya tare kotisol da zarar ya shigo ƙwayar, ya cire masa haidirojin guda biyu, ya mayar da shi kotison, wanda makarɓin ba ya kamawa sosai. Aldostiron kuwa yana wucewa ba tare da inzayim ɗin ya iya taɓa shi ba. Wannan ita ce amsar a dunƙule, amma sai an warware ta kafin a ga dalilin da ya sa ta gamsar da masana, da kuma inda har yanzu take da saura.

Ya kamata a fara da girman matsalar, domin mai tambaya bai yi ƙari ba. Homon ɗin biyu duka daga ɓawon ƙullin adirinal suke fitowa, wato ƙaramin ƙullin nan da ke zaune a saman kowace ƙoda, kuma duka daga kolestarol ake ƙera su. Ana auna kotisol na jini da ɗaruruwan nanomol a kowace lita, aldostiron kuwa da ɗaruruwan pikomol (pikomol dubu ne ke yin nanomol ɗaya), wato tazarar da ke tsakaninsu tana kaiwa ninki dubu. Gaskiya ne cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na kotisol yana ɗaure da furotin a cikin jini, musamman tiranskotin da albumin, saboda haka ba ya iya shiga ƙwayoyin jiki kai tsaye. Amma ko an cire wanda ke ɗaure, kotisol ɗin da ya rage a sake ya ninka aldostiron kusan sau ɗari. Tun a 1983 Zygmunt Krozowski da John Funder a Melbon suka nuna, da gwajin ɓeraye, cewa makarɓin ƙoda ba ya bambance aldostiron da takwaran kotisol na ɓera. A 1987 kuma ɗakin binciken Ronald Evans a Cibiyar Salk ta Kalifoniya ya fitar da tsarin makarɓin na ɗan Adam, aka gwada shi shi kaɗai, aka tabbatar yana kama kotisol kamar yadda yake kama aldostiron. Da a ce babu wani abu a tsakani, da kotisol ya mamaye makarɓin dare da rana, ƙoda ta yi ta riƙe sodiyam ko jiki yana buƙata ko ba ya buƙata, tsarin renin da anjiyotensin, wanda ke daidaita yawan aldostiron ɗin da jiki ke fitarwa, kuma ya zama ba shi da abin faɗa.

Abin da inzayim ɗin ke yi ƙanƙani ne a idon masanin kimiyyar sinadarai. Kotisol yana da kabon 21, kuma 17 daga cikinsu ne suka haɗa zobba huɗu da ke ƙashin bayan kowane sitiroyid, wato dangin sinadaran da kotisol da aldostiron suke ciki. A kan kabon na 11 akwai oksijin ɗaya riƙe da haidirojin ɗaya, wato rukunin haidiroksil, yana fuskantar saman zobban, ɓangaren da ake yi wa alama da harafin beta. Inzayim ɗin yana ɗauke haidirojin ɗin da ke jikin kabon na 11 tare da ilektiron biyu ya miƙa wa mataimakinsa NAD+, wanda ke komawa NADH, sannan haidirojin ɗin da ke jikin oksijin ya fita shi ma. Abin da ya rage shi ne oksijin da ya haɗu da kabon da igiya biyu, wato rukunin kito. Wannan shi ne oksideshan ɗin da ake magana a kai, kuma a lura cewa ba a ƙara oksijin ko ɗaya ba, rage haidirojin aka yi: kotisol C21H30O5 ne, kotison kuma C21H28O5. Nauyin ƙwayar sinadarin ya sauka daga 362 zuwa 360 kawai, amma rukunin haidiroksil ɗin da aka rasa shi ne wanda ke riƙe sitiroyid ɗin a cikin ramin makarɓi, saboda haka kotison ba ya iya kunna makarɓin aldostiron, haka ma makarɓin kotisol ɗin kansa.

Dalilin da aldostiron ke tsira ya fi kowane ɓangare na bayanin burge ni. Shi ma yana da haidiroksil a kabon na 11, kuma da a sarari yake da inzayim ɗin ya yi masa abin da ya yi wa kotisol. Sai dai aldostiron yana da rukunin aldihayid a kabon na 18, wanda kotisol ba shi da shi, kuma wannan rukunin yana kusa da kabon na 11 ta yadda su biyun ke haɗuwa su rufe wani ƙaramin zobe da ake kira hemiyasetal. A cikin ruwan jiki mafi yawan aldostiron a wannan rufaffiyar siffa yake, oksijin ɗin kabon na 11 yana ɗaure, babu abin da inzayim zai kama. Inzayim ɗin dai kamar mai gadin ƙofar fada ne da ke kwance wa kowane baƙo makami kafin ya shiga, shi kuwa aldostiron nasa makamin a cikin riga yake.

Halayen inzayim ɗin sun dace da wannan aiki. Yana kama kotisol ko da ɗan kaɗan ne, a ma'aunin nanomol, wanda shi ne ma'aunin da kotisol sakakke yake a jiki. Da kotisol, hanya ɗaya yake bi, daga kotisol zuwa kotison, ba ya dawowa. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, HSD11B2, tana kan kuromozom na 16. Ana samunsa da yawa a daidai wuraren da aldostiron ke aiki: ƙarshen bututun tace fitsari da bututun tara fitsari a ƙoda, babban hanji, da wuraren da ke samar da yawu da gumi. A can ne aldostiron ke ƙara yawan ƙofofin sodiyam na ENaC da famfon sodiyam da potasiyam, sodiyam ya koma jini ruwa ya bi shi, potasiyam da asid su fita ta fitsari.

Akwai ɗan'uwansa, 11β-HSD1, kuma rikita su biyun ya daɗe yana ɓata lissafi. Shi aka fara tacewa, daga hantar ɓera, a ɗakin binciken Carl Monder a Niyok a 1988, kuma da farko an ɗauka shi ne ke kare ƙoda. Amma abubuwa ba su yi daidai ba: yana buƙatar kotisol mai yawa kafin ya yi aiki, ba ya nan a ƙarshen bututun ƙoda inda ake nemansa, kuma marasa lafiyar da ake zargin sun rasa inzayim ɗin an tarar ƙwayar gadonsa lafiya lau take a jikinsu. Sai a 1994 ƙungiyoyi biyu, ta Krozowski da ta Perrin White, suka fitar da nau'i na biyu daga ƙoda. Yau an san cewa a cikin jiki mai rai nau'i na farko akasin aikin yake yi: a hanta da kitse da ƙwaƙwalwa yana amfani da NADPH ya mayar da kotison kotisol. Wannan ne ya sa kotison da Philip Hench ya fara bai wa masu ciwon gaɓoɓi a asibitin Mayo a 1948 ya yi aiki, duk da cewa shi kansa kotison ba ya kunna makarɓi. Hanta ce ke mayar da shi kotisol. Haka maganin firednison yake, sai hanta ta mayar da shi firednisolon. Saboda haka kotison ɗin da ƙoda ke fitarwa ba shara ba ne, ajiya ce da ke yawo a jini har ta isa inda za a sake tada ta.

Hujja mafi ƙarfi kan muhimmancin nau'i na biyu daga marasa lafiya ta zo, kuma ta riga gano inzayim ɗin da shekaru. A shekarun 1970 Maria New da Stanley Ulick a Niyok sun bayyana yara masu hawan jini mai tsanani, potasiyam ɗinsu ya faɗi ƙasa sosai, asid ɗin jininsu ya ragu, komai nasu yana nuna aldostiron ya yi yawa, amma da aka auna sai aka tarar aldostiron da renin duka sun kusa ɓacewa. An yi ta neman wani ɓoyayyen homon ba a samu ba, shi ya sa aka sa wa cutar sunan da ke nuna cewa kamar homon ɗin ya yi yawa ne alhali bai yi ba, wanda ake taƙaitawa da AME. A 1979 Ulick ya nuna cewa waɗannan yara ba sa iya mayar da kotisol kotison. A 1995 aka gano lahanin a ƙwayar gadon HSD11B2. Cutar sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka take bayyana, shi ya sa ta fi fitowa a zuri'ar da ake auren dangi. Yaran sukan zo duniya da ƙarancin nauyi, ba sa girma yadda ya kamata, suna yawan fitsari da ƙishirwa saboda ƙarancin potasiyam yana hana ƙoda tattara fitsari, alli yana taruwa a ƙodarsu, wasu kuma shanyewar ɓarin jiki kan same su tun suna ƙanana.

A nan akwai abin da ke ruɗa ɗalibai, har da wasu likitoci. Idan aka auna kotisol a jinin mai wannan cuta, daidai za a same shi, kuma ba shi da kumburin fuska ko sauran alamomin cutar Kushin, wadda yawan kotisol ke jawowa. Dalili shi ne, tun da kotisol yana daɗewa a jini ba a rushe shi ba, ƙullin fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana rage fitar da ACTH, homon ɗin da ke umartar adirinal ya ƙera kotisol, adirinal kuma ya rage ƙera kotisol, har ma'aunin jini ya daidaita. Ɓarnar a cikin ƙwayar ƙoda take faruwa, inda gwajin jini ba ya kaiwa. Fitsari ne ke tona asirin. A mai lafiya, ragowar kotisol da ragowar kotison da ke fita a fitsari kusan daidai suke, ɗaya bisa ɗaya. A mai AME ragowar kotisol kan ninka ta kotison sau da yawa. Maganin ma daga wannan fahimta ya fito: a toshe makarɓin da sifironolakton ko efilerenon, ko a toshe ƙofar ENaC da amilorayid, a rage gishiri, a ƙara potasiyam. Wani lokaci ana ba da deksametason domin ya danne ACTH, jiki ya daina ƙera kotisol, tun da shi deksametason bai cika kunna makarɓin aldostiron ba. An kuma ba da rahoton wadda cutar ta rabu da ita bayan an yi mata dashen ƙoda, domin sabuwar ƙodar ta zo da inzayim mai aiki.

AME ba ta da yawa, kuma likita na iya gama aikinsa bai ga ko mutum ɗaya ba. Wadda ake gani ita ce irinta da mutum ke jawo wa kansa ta hanyar saiwar likoris, wadda ake sa wa a alewa da shayin ganye da magungunan gargajiya da wasu nau'o'in taba. Tun a 1946 wani likita a Holan mai suna Revers ya lura cewa masu gyambon ciki da ake bai wa ruwan saiwar suna samun sauƙi, amma wasunsu suna kumbura. Shekaru da dama an ɗauka sinadarin da ke cikinta, gilisirizin, shi ne ke kama makarɓin kai tsaye. Sai dai an lura cewa likoris ba ya yin wannan tasiri ga wanda adirinal ɗinsa ba ya aiki sai an ba shi kotisol ko kotison, abin da ke nuna cewa kotisol ne ke yin ɓarnar. A 1987 Paul Stewart da Christopher Edwards a Edinbara suka nuna cewa likoris inzayim ɗin yake toshewa. Ƙwayoyin bakteriya na hanji suna mayar da gilisirizin asid ɗin gilisiretinik, shi kuma ya hana kotisol komawa kotison. Shekara guda bayan haka, a 1988, ƙungiyar Edinbara da ta Funder, kowace a nata ɓangaren, suka haɗa waɗannan hujjoji suka bayyana cewa inzayim ne ke ba aldostiron keɓantaccen matsayinsa a ƙoda. Kwamitin kimiyyar abinci na Tarayyar Turai ya ba da shawara a 2003 cewa kada gilisirizin ya wuce miligiram 100 a rana ga yawancin mutane, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta yi gargaɗin cewa ga wanda ya kai shekara 40, cin kimanin giram 57 na baƙar alewar likoris kullum har mako biyu na iya rikita bugun zuciya. A 2020 an wallafa labarin wani mutum mai shekara 54 a jihar Masacuset da zuciyarsa ta tsaya ya rasu bayan ya yi makonni yana cin alewar da yawa.

Hanya ta uku da kariyar ke karyewa ita ce a fi ƙarfin inzayim ɗin. Kowane inzayim yana da iyakar abin da zai iya sarrafawa a lokaci guda. Idan wani ciwon daji, kamar na huhu mai ƙananan ƙwayoyi, ya riƙa fitar da ACTH, kotisol kan hau ƙwarai har inzayim ɗin ya cika, ragowar ta wuce ta kunna makarɓin. Wannan ne ya sa faɗuwar potasiyam ta zama ruwan dare a irin wannan nau'in cutar Kushin, alhali ba ta cika faruwa a wadda ta taso daga fituwitari ba, inda kotisol bai kai haka hawa ba. Wasu magungunan kashe fungas, musamman fosakonazol da itirakonazol, su ma suna toshe inzayim ɗin, kuma an ga masu shansu da hawan jini da ƙarancin potasiyam.

Wuri na biyu da inzayim ɗin ke da yawa bayan ƙoda shi ne mabiyiya, kuma a can ba batun gishiri ba ne. Kotisol na uwa ya ninka na ɗan tayi sau da yawa, kuma kotisol mai yawa yana rage girman tayi, yana sa gaɓoɓinsa su nuna kafin lokaci. Inzayim ɗin da ke mabiyiya yana mayar da mafi yawan kotisol na uwa kotison kafin ya ƙetara. Likitocin haihuwa suna amfani da wannan sani ta fuska biyu. Idan uwa ce ke buƙatar magani, kamar mai asma ko ciwon gaɓoɓi, ana zaɓar firednisolon, domin mabiyiya tana kashe ƙarfin mafi yawansa. Idan kuma tayin ake so maganin ya kai wa, kamar lokacin da ake fargabar haihuwar bakwaini ana so huhunsa ya nuna, sai a ba da betametason ko deksametason, waɗanda inzayim ɗin bai iya da su sosai ba; wannan magani ya samo asali daga gwajin da Graham Liggins da Ross Howie suka yi a Okland ta Niyuzilan suka wallafa a 1972. Bisa wannan dalili ne kuma hukumomin lafiya na Finland, inda ake cin alewar likoris da yawa, suka shawarci masu juna biyu su guje ta.

Duk da haka ba zan ce wa mai tambaya lissafin ya rufe tsaf ba. Idan kotisol sakakke ya ninka aldostiron sau ɗari, kuma inzayim ɗin ya kawar da kashi 90 cikin ɗari, abin da ya rage har yanzu ya ninka aldostiron sau goma. Funder da kansa ya daɗe yana jan hankali kan wannan, yana mai cewa a ƙoda mai lafiya kotisol yana zaune a kan yawancin makarɓan amma ba ya kunna su, kuma yana ganin NADH ɗin da inzayim ɗin ke samarwa yayin aikinsa shi ne ke sa makarɓin da kotisol ya hau ya yi shiru. Wasu masana suna ƙarawa da cewa aldostiron ya fi daɗewa a kan makarɓin kafin ya sauka, kuma ya fi kotisol iya sa shi ya kunna ƙwayoyin gado. A ganina waɗannan bayanai ƙari ne a kan aikin inzayim ɗin, ba su maye gurbinsa ba, domin duk lokacin da aka rasa shi, ta gado ko ta likoris ko a ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon, sakamakon iri ɗaya ne: sodiyam ya taru, potasiyam ya zube, jini ya hau. Ya kamata kuma a sani cewa akwai wuraren da makarɓin yake amma inzayim ɗin ba ya nan, kamar tsokar zuciya da sashen hifokamfos na ƙwaƙwalwa, kuma a can kotisol ne ke hawa makarɓin a yawancin lokaci. A ƙwaƙwalwa wani ƙaramin rukunin jijiyoyi ne a ƙasan ƙwaƙwalwa ke ɗauke da inzayim ɗin, kuma su ne ke jin aldostiron su tada kwaɗayin gishiri idan jiki ya rasa sodiyam.

Ga wanda zai ga marasa lafiya, amfanin wannan duka yana fitowa ne idan aka sami mai hawan jini da ƙarancin potasiyam. Idan renin ya yi ƙasa aldostiron ya yi sama, matsalar daga adirinal take. Idan duka biyun sun yi ƙasa, to wani abu ne daban ke kunna makarɓin ko ƙofar sodiyam, kuma a nan ne ake tambayar mara lafiya dalla-dalla abin da yake ci da sha da taunawa, har da shayin ganye da maganin gargajiya da bai ɗauke su magani ba, sannan a duba jerin magungunansa. In ba a sami komai ba sai a auna kotisol da kotison na fitsarin awa 24. Kotisol mai yawa ƙwarai yana nuna cutar Kushin. Kotisol ya rinjayi kotison alhali na jini daidai yake yana nuna inzayim ɗin ne ba ya aiki. Idan kuwa duka daidai suke sai a tuna da cutar Lidil, inda ƙofar ENaC ce da kanta ta ƙi rufuwa, wadda amilorayid ke yi wa magani amma sifironolakton ba ya yi. Wanda likoris ya jawo wa matsalar, potasiyam ɗinsa kan dawo daidai cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan ya daina, amma renin da aldostiron na iya ɗaukar makonni ko ma watanni kafin su farfaɗo, saboda haka gwajin da aka yi da wuri bayan dainawa zai iya nuna su a ƙasa har yanzu.